Abin da Jela Ta Faɗa

Sau uku aka fasa mini sito a Agege,
sai na sayo kare, baƙi mai farin ƙirji,
na raɗa masa Barsu.
Daren fashi na huɗu barci ya sha,
da safe ya yage takalmin maƙwabcina Sallau.

Aka ce in nemo mai horo.

Na fari daga Ikeja ya zo, a mota,
da takardu bakwai cikin leda,
kowacce da jan hatimi da tutar wata ƙasa.
Na ce, wace makaranta?
Ya ce, ta waje.
Na ce, wajen ina?
Ya duba agogo.
Ya rataya wa Barsu sarƙa mai haƙora,
fizga ɗaya, kare ya zauna.
Masu dako suka tafa.
Ni jelar na duba:
ta shige tsakanin ƙafafu
kamar mai bashi ya hango mai kuɗi.

Na biyu ko karen bai kalla ba.
Kwana uku, in ji shi, zai zama zaki,
amma kuɗi tukuna.
Na roƙi lambar wanda ya taɓa yi wa aiki.
Har yau a kashe take.

Morenike a danfo ta zo, ruwa ya jiƙa ta.
Takardarta guda ce, ta ce
ga adireshin, ka je da ƙafarka ka tambaya.
Sai ta tsuguna nesa da shi, ta ba shi gefe,
ta hau ni da tambaya kamar alƙali:
Me yake ci? Ina yake kwana?
Awa nawa yake ɗaure a rana?
Wa ke dukansa?

Na yi shiru a ta ƙarshe.

Ta ce, wata uku, wataƙila huɗu,
kuma ban yi alkawarin zaki ba.
Da kai za mu fara.

Shekara ashirin ina sayen albasa,
na san ba a yarda da saman buhu.
Na je adireshin. Akwai shi,
sama da wani shagon taya a Surulere.

Ban sani ba ko zai kama ɓarawo.
Amma duk Talata, tun kafin ta sauka a titi,
yana bakin ƙofa,
jelar tana share ƙasa,
ni kuma na wanke masa kwano,
na ɓoye sandar.