Taƙi Ɗaya

Shekara talatin ina gyaran rediyo a kasuwar Kaugama,
rumfar kwano, dab da masu awon riɗi.
Abokin gabata ɗaya ne tak:
shuuu ɗin nan da ke tsakanin tasha da tasha.
Na ƙona yatsu da dalma don in kashe shi.

Sai ga Barira ta zo hutu.
Ta ture matattun batura, ta zauna a bencina,
ta ce, "Baba, ni fa cikin shuuu ɗin nan nake neman abincina."

Na ajiye sukudireba.

Ta ce can kudu, a wani fako inda aka hana kunna waya,
an kafa fararen faya-fayai, kowanne ya fi zauren Dagaci,
sun buɗe baki sama kamar kwanukan tarar ruwa.
Ba haske suke jira ba.
Wata iska ce, haidurojin, mai sanyi ƙarara,
wuta ba ta kama ta ba, ba ta zama tauraro ba tukuna.
Ƙwayarta guda takan shekara miliyan goma a kwance
kafin ta gyara kwanciya sau ɗaya,
ta yi ɗan nishi.
Nishin nan suke tarawa.

Na ce, a wace mita ake kama ta?
Ta ɗauki hannuna, ta ware babban yatsa da ƙarami.
"Taƙi ɗaya, Baba. Naka ma ya ɗan fi."

Wai ita ba ruwanta da manyan biranen taurari.
Ƙananan take bi, tungaye, rugage,
waɗanda in ka hango sai ka ce fitilun ƙauye uku a bayan kuka.
Ta nuna mini hoto biyu.
Na ido: 'yan ɗigo, kamar tsakin da kaza ta rage.
Na kunne: fili shuɗi ya kewaye su, ya ninka su, ya sake ninkawa.
Na ce, to ai ido gida yake gani,
gonar kuwa sai an saurara.
Ta ce iri ne, Baba, yana rumbu, ba a kai ga shuka ba.

Sannan ta faɗi wadda ta tsaya mini a wuya.
Tungayen da suka raɓi babban birni an yashe su,
birnin ya janye iskar, haihuwa ta tsaya,
sai tsofaffin taurari jajaye suna zaman jiran juna.
Na nesa, waɗanda ba wanda ya san sunansu,
su ne har yau da hatsinsu.
Na tuna yayata Hansatu a gefen Gezawa,
gonar gyaɗarta da aka yanka fuloti-fuloti,
da 'ya'yanta biyar, duk suna Kano kan babur.
Ban ce komai ba. Na hura ƙurar wata sifika.

Daren da za ta koma, muna tsakar gida,
Kaza da 'ya'yanta sun kai tsaka,
na murɗa allura, na wuce labarai, na wuce mai goge,
na tsaya inda ba kowa.
Ta yi dariya: "Wannan akwatin ba zai kamo ta ba."
Na sani.
Tasalla daga ɗaki tana cewa batir kuɗi ne.
Na rage murya kaɗan,
na ɗora taƙina a kan akwatin,
ban kashe ba.