Ludayi

An ce daga saman lodin dankali na faɗo,
ran Laraba, a Farin Gada, ana yayyafi.
An ce igiya ce ta tsinke.
Ni dai "an ce" kawai na tsira da shi daga ranar,
don ba na nan aka yi.

Kwana goma sha ɗaya ina kwance a Lamingo,
duniya ta sake ni, lahira ba ta karɓa ba.
Da na buɗe ido, wata mata na riƙe da yatsana,
tana kuka ba sauti.
Na san fuskar kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida,
sunan ne ya yi ɓatan dabo.
Shekara goma sha tara tana dafa abin da nake ci,
na dube ta na ce: sannu, baiwar Allah.

Likita ya ce sun buɗe ƙoƙon kai,
sun kwashe jinin da ya kwanta, sun mayar, sun ɗinke.
Ban musa ba. Amma kalmomi sun watse mini
kamar buhun acca ya fashe a kan tsakuwa.
Ina son in ce ludayi,
sai in ce: abin nan, abin nan dai, na kunu.

Kachollom mai gashin ƙashi
ba ta da tsawo, ba ta kuma da wasa.
Ta tsai da ni tsakanin ƙarafa biyu:
"Baba, ƙafar hagun ma taka ce, ɗauko ta."
Ni da nake saɓa buhu in haye katako a guje,
taku huɗu, gumi ya jiƙe ni cikin sanyin Jos.
Na zage ta.
Bakin da ya kasa sunan matarsa,
ashar ya fito masa sumul, ba gargada.
Ta yi dariya: "To, baki ya buɗe. Saura taku na biyar."

A gida, a Rikkos, Zulai ta yayyage littafin makarantarta,
ta liƙa ƙofa a jikin ƙofa, buta a jikin buta.
Don tsokana ta maƙala wa uwarta guda a mayafi.
Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: Han-sai.
Matar ta juya ta shige kicin,
ta daɗe tana wanke tukunyar da ba ta da datti.

Akwai abin da ba a gaya wa masu dubiya.
Hanci ya mutu: daddawa da sabulu duk ɗaya.
Ƙarar rediyo ƙusa ce.
Na jefi autana da kofi don ya yi tari,
tun daga nan da sanɗa yake shigowa ɗakina,
wannan ya fi ɗinkin zafi.
Amma in na ɓata a tsakiyar Fatiha,
na tsaya kamar baƙo a mararraba,
shi ne ke raɗa mini ayar daga bakin ƙofa.

Wata tara na koma kasuwa da sanda.
"Masha Allah, Tanimu, ka warke sarai!"
Na amsa. Tabon yana ƙarƙashin hula.
Da can buhu ɗari nake bugawa da ka kafin a sauke,
yanzu ɗan littafi ne a aljihu, da biro ɗaure da zare.
Dalyop da ke kawo mini kaya daga Kuru
yakan yi kamar shi ne ya rikice,
ya ce mu sake ƙirgawa tare.
Na gane. Ban nuna ba.

Jiya da safe aka ajiye mini ƙwarya, tururi na tashi,
ba ƙamshi, sai ɗumi a fuska.
Na ce, "Hansai, miƙo mini ludayi."
Ta tsaya cak.
Ta miƙo, ba ta ce komai ba, kada ta firgita kalmar.
Wataƙila gobe ta sake guduwa.
Na sha kununa a hankali,
ina riƙe da shi da hannun hagu.