Laka a Magudanar Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba Tanimu ya yi
yana yashe magudanan auduga a wajen Mai Wurno,
shebur a kafaɗa, jallabiya ɗaure a ƙugu.
Yakan ce ruwa ba ya ƙin tafiya,
sai dai a tare masa hanya.

Yau ga shi zaune kan gadon igiya,
shayinsa ya huce, ya yi fata.
Ya dube ni ya ce, "Kande, ina yaran?"
Kande uwata ce. Bara waccan muka binne ta.

A asibitin Wad Madani likita Ikhlas ta juya takardar magani,
ta zana min reshe da reshe a bayanta,
bakinsu kusa da juna, ba su taɓa ba.
Ta ce nan ne magana ke tsallakawa,
nan sunanki yake ƙetare kullum safiya.
Akwai wani furotin, ɗan gida ne, ba baƙo ba,
wata rana sai ya naɗe a karkace,
ya kama ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya kama wani,
kamar gari a tafasasshen ruwa in hannu ya yi sanyi:
gudaji.

Na ce manyan ne ke cinye shi?
Ta girgiza kai. Ana zargin ƙananan sun fi ɓarna.
Manya sun zauna wuri guda kamar tsibiri,
ƙananan kuwa yawo suke,
su manne a bakin mashiga,
su huda bangon ƙwayar ƙwaƙwalwa
har abin waje ya kwararo ciki babu sallama.
Daga ciki kuma zaren da ke riƙe hanya ya warware,
ya cukurkuɗe, kaya su tsaya a tsakiyar tafiya.

To babu masu yasa? Ni 'yar mai yasa ce, dole in tambaya.

Akwai, in ji ta. Suna zuwa da sheburansu.
Su kwashe, su kwashe, laka na ƙaruwa,
har ransu ya ɓaci,
su fara sarar gaɓar da suka zo gyarawa.

A motar komawa na riƙe takardar a cinya.
Nilu na gefenmu, jajir da ruwan tudu,
Baba na ƙirga itatuwan giginya da Larabci,
ya kai bakwai ya koma ɗaya.
Larabcin ma ya fara zubewa.
Hausar kakarsa ce ta rage,
wadda ta taho da ita a ƙafa daga yamma,
kalmomin da ko ni sai na tambayi tsofaffi.

Jiya da la'asar na zubar da ruwan wanki a tsakar gida.
Ya taru ya kwanta kusa da murhu.
Sai na ji ƙarar gado.
Baba ya taso, ba takalmi,
ya duƙa, ya karanci ƙasa kamar wasiƙa,
ya sa dugadugi ya ja layi,
ya kauce wa turmi, ya ɗan karkata hagu,
ya cire wani tsinke da yatsa biyu.

Ruwan ya bi shi
har gindin lemun tsami.

Bai san sunana ba da ya ɗago.
Ya ce, "Yarinya, gobe a zo da wuri,
akwai sauran aiki a can sama."
Na ce to, Baba.
Na ɗauko masa takalmansa.