Littafin Bashin Dorcas

Ni mai kyandir ce a Lungun Kifi,
bayan gadar Landan, inda hayaƙin kwal
ke riga gishiri shiga miya.
Sunana Dorcas Pell. Shekara tara da binne mijina.
Ya bar mini tukunyar kitse da littafin bashi
mai bangon fata, gumin hannu ya cinye kusurwarsa.

Ran Talata aka sace shi.
Ba azurfa ba, ba agogo ba, littafi!
Wane ɓarawo ne zai ci takarda?
Amma a ciki akwai sule goma sha ɗaya na mai burodi,
da fam biyu na gidan giya,
da sunan duk wanda ya taɓa ce mini "sai gobe".
Babu shi, babu shaida.
Dare ɗaya unguwa ta wayi gari ba mai bashi.

Maƙwabciya ta ce, je ki wurin Elias Quarrell,
mai kama ɓarayi, mai sanda da kan azurfa.
Ɗakinsa na saman shagon aski.
Matakala goma sha huɗu, na ƙirga,
don gwiwata ba ta yafe mini ko ɗaya ba.
Bai tambayi kamannin ɓarawon ba.
Launin bango ya tambaya, ya rubuta,
ya ce, "Sule biyar na rajista, baiwar Allah.
Zan kasa kunne. Gari ai ba ya riƙe bakinsa."

Kwana uku, sai ga yaro a ƙofa,
littafina a hammata, naɗe da tsumma.
Kunnensa na hagu a tsage.
Na san kunnen nan.
Shi ya bangaje ni ran Talata,
ya ba ni haƙuri, har da cire hula.
Muka dubi juna. Na miƙa rabin fam.
Ya ce sunansa Kit, ban ko tambaya ba.
Na ba shi guntun kyandir. Har yau ban san dalili ba.

To, haka garin ke tafiya.
Hannun da ya ɗauke shi ke mayarwa,
an ba kura ajiyar nama, ana kuma biyan ta ladan tsaro.
Alƙali na cire masa hula, jarida na yabonsa.
Mai shagon da ya ƙi hawa matakalarsa
sai tagarsa ta fashe sau biyu a wata.

Da hunturu ya kama, kasuwa ta mutu,
yara suka yi wa ubangidansu yawa.
Doka kuwa ta ce fam arba'in
ga wanda ya kawo ɗan fashi har igiya ta karɓe shi.
Quarrell ya buɗe nasa littafin,
yana bin layi da yatsa
kamar mai zaɓen kaza a akurki:
wa ya fara tambayar rabonsa,
wa ya san ɗakunan da bai kamata ya sani ba.
Yatsa ya tsaya kan Kit.

Litinin da safe na ga amalanken ya wuce,
yaron zaune kan akwatin gawarsa,
an sa masa farar riga da ta fi shi girma.
Mata na tallar lemo.
Wani na sayar da kalamansa na ƙarshe a takarda,
kwabo ɗaya, tun bai faɗe su ba.
Ban bi su ba. Kitsena na kan wuta.

Da magariba baran Quarrell ya zo:
kyandir dozin biyu, masu kauri,
akwai walima a saman shagon aski.
Ya ce in rubuta, za a biya.
Na buɗe littafin,
na sa sunan a ƙasan na mai burodi,
tawada ta ɗan ɗiga a gefe.

Shekara uku ke nan. Bai biya ba.
Ni ma ban hau matakalar na tambaya ba.