Awon Ƙirji

Shekara goma sha tara ina auna ƙirjin mata
a shagona na Rafindadi:
talatin da shida, arba'in, arba'in da biyu,
tef a wuya, alli a bayan kunne.
Nawa ƙirjin ban taɓa ce masa ina kwana ba.

Wata Laraba ina wanka
yatsana ya ci karo da wani abu
kamar ƙwallon kurna a ƙarƙashin fata.
Ba zafi. Shi ya sa na yi shiru wata huɗu.
Na sha sassaƙe, na shafa man kaɗanya,
na ce kaluluwa ce, za ta baje.

Likita ba ta ɗaga murya ba.
Ta kife takarda ta ce, "Sankara ce, Hurera."
Ni kuwa labulen ofishinta nake kallo,
an karkata kalmasar bakinsa,
ina cewa a raina, wa ya yi wannan aiki?
Kuka sai a cikin kurkura, daidai Ƙofar Ƙaura.

Na hagu suka cire,
wanda ya shayar da biyar bai ce ya gaji ba.
Da na farfaɗo na duba ɗinkinsu:
layi ɗaya, ba ado,
amma ya kama.

Jan ruwan da suka ɗaura mini ya share kaina,
ya mai da tuwo ƙasa a bakina.
Malam Mamuda, da bai san mazaunin ludayi ba,
ya koyi dama kunu.
Da gudaji a ciki. Na shanye.

Tela ce ni, da "gobe" na ci abinci:
ki dawo gobe, gobe da yardar Allah.
Ban san tsadar kalmar ba
sai da na tsaya tayinta a layin asibiti.
Yanzu in na ce Asabar, Asabar ɗin ce.
Na yafe wa Lantana kuɗin ɗinkin Sallar bara waccan,
na je na gai da yayata, bayan gabar shekara shida
a kan gonar da ko gero ba ta yi.

Da ƙyallayen atamfa da audugar rimi
na ɗinka wa rigata abin da zai cike gurbi.
Labari ya kai Batagarawa, ya kai Jibiya.
Bayan magariba suke zuwa, murya ƙasa-ƙasa,
ni kuma ba na karɓar ko sisi.

In na zagaya tef a ƙirjin amarya
sai in dakata kafin in rubuta lamba,
in ce, "'Yar nan, yaushe rabon ki duba?"
Takan yi dariya, ta rufe fuska.
Sai in kama hannunta
in ɗora inda babu.