Kakin Baba Sallau

Sanyin Jos ba ya jiran kowa.
Kafin ladanin Gangare ya buɗe baki
kakin zuma ya daskare a gwangwani,
tauri kamar goshin mai bin bashi.

Baba Sallau ya hura gawayi,
ya ɗora gwangwanin a gefen murhu, ba a tsakiya ba.
Kaki da kitsen rago, da ɗan man kaɗanya.
Harsasan dalma na zube a faifai
tun jiya da ya fitar da su,
suna ƙyalli kamar idon kifi.

"In ya yi hayaƙi, ka ƙona shi.
In ya huce, sai ya dunƙule a tsagi,
harsashi ya ƙi bin zobe."
Ba shi da ma'aunin zafi.
Ɗigo ɗaya yakan sa a farcen babban yatsa,
ya yi shiru,
kamar mai jiyo sallama daga nesa.

Ni kuwa gaggawa ta haife ni.
Na ƙara fifita, abin ya tafasa,
ƙauri ya cika zaure har kan titi.
Bai ce uffan ba. Ya zubar a kwata,
ya miƙo mini sabon kaki.

Bana shekararsa uku a ƙasa.
Bindigar farauta na rataye, tsatsa na cin ta,
gwangwanin ma jikoki sun yi mota da shi.

Amma in na ɗora shayi da asuba
sai in tsinci hannuna yana janye shi gefen wuta,
in ɗiga a farce,
in yi shiru.