Sahu

Ranar da Mushe Arzika ya rubuta ta a allo
da guntun allin da bai kai farce ba,
taksis,
aji ya kwashe da dariya.
Lawali ya waiwayo: "Ke, sana'ar tsohonku ta shigo jarrabawa!"
Na sunkuyar da kai.
Babana na can tashar Ɗan Isa tun asuba,
yana jiran mutum na shida ya cika mota.

Mushe ya bari muka gama.
Ya ce kamar suna ce kawai, ba nono ɗaya suka sha ba.
Waccan ta mota, kuɗin hanya ne ya raɗa mata suna.
Wannan kuwa tsohuwa ce, daga bakin Girkawa ta fito,
can da, nufinta jeri:
kafaɗa da kafaɗa, garkuwa na taɓa garkuwa,
kowa ya san wanda ke damansa.
Daga tsatsonta aka sami sunan dabarun yaƙi,
da na zaman kalmomi cikin jimla,
da na rarraba halittu gida-gida,
har da na cusa wa fatar dabba auduga
ta tsaya kamar ba ta mutu ba.

Sai masu leƙen madubi suka ɗauke ta aro,
suka ce daga yau, motsi ce.
Abu mai rai ya ji haske, ko wari, ko ɗumi,
ya juya, ya nufa,
ko ya ba da baya.

Na ɗaga hannu: yaya tsayuwa ta zama tafiya?
Aka buga ƙarfe.
Ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Je ki duba."

Na duba.
Daren ruwan farko a Bagalam,
shinge ya rufe ƙwan lantarkin mai shayi,
yara na tara kwano a ƙasa.
Da aka ɗauke wuta, taron ya watse,
ba wanda ya ce musu a tashi.
Kyankyason bayan randa, shi da fitila sai dai gudu.
Sauro bai san sunana ba, numfashina yake bi.
A Gulbi, da ruwa ya zo daga kudu ja wur,
na ga 'yan kifi bakin gada
duk sun ba ruwa fuska,
suna iyo ba sa gaba,
jere kamar an ja musu igiya.

Inna kuma, a kasuwa,
tana kasa tumatir uku-uku, na huɗu a bisa,
mai tabon ta juya shi ciki.
Ta ce kashin da ya zauna daidai
shi ke jawo ƙafar mai saye.

Gwano ne ya ƙarasa mini.
Na tsuguna bayan katangar lakwal,
na sa yatsa na share tsakiyar layinsu.
Suka rikice, suka yi ta kewaya wuri ɗaya
har ɗaya ya sake samo warin.
Ashe mu ma mun daɗe da ita:
jerin gwano, jeri ne, tafiya ce.
Sahu na masallaci, sahu na ƙafa a rairayi.
Har keken nan mai ƙafa uku da ya kashe wa Baba kasuwa,
a daidaita sahu muke ce masa,
yana gudu.

Da dare na gaya wa Baba
kalmar ba tasa ba ce.
Yana wanke baƙin mai da omo, bai ɗago ba.
Ya ce, "Su suka sani.
Ni dai sai an zauna daidai nake tayarwa,
mai ƙiba gaba, mai kaji bakin taga.
Kuma magariba na yi, ko ina hancin motar yake,
nan take juyowa."

Ya nuna fitilar da Inna ta aje bakin zaure.